Noman Hofs Da Cinikin Dawa: Darasi Ga Fataken Hatsi Na Fatakwal, Anaca Da Inugu

Duk tirelar dawa da ta taso daga kasuwar Dawanau ta Kano, ko daga Dandume da Funtuwa a Jihar Katsina, ta nufi kudancin ƙasar nan, ba dukkan abin da ta ɗauko ne yake ƙarewa a tukunyar kunu ko ta koko ba. Wani kaso daga cikin hatsin masana'antun abin sha ne suke jiransa, wato masu yin lemunan malt da ba su bugarwa da kuma kamfanonin giya. Da dama daga cikin manyan masana'antun nan suna kewayen Inugu da Anaca da Aba da Fatakwal ne, garuruwan da Hausawa 'yan kasuwa suka daɗe da kafa unguwanni da zango a cikinsu.

Amfanin gona iri biyu ne ginshiƙin aikin waɗannan masana'antu. Na farko shi ne hatsi, wanda yake ba abin sha zaƙi da kauri. Na biyu kuwa wani fure ne mai ɗaci da ƙamshi, wanda Turawa suke kira hofs. Kafin shekarar 1988 dukkansu biyu daga ƙasashen ƙetare ake shigo da su, domin a lokacin sha'ir ne hatsin da ake aiki da shi. Daga wannan shekara dawa ta karɓi babban kaso na aikin sha'ir, amma shi hofs har yanzu da dala ko yuro ake sayo shi. Saboda haka duk lokacin da darajar naira ta faɗi, tambaya takan taso a tsakanin masu jari cewa, me zai hana a noma shi a gida kamar yadda aka yi wa sha'ir madadi? Ba za a iya amsa wannan tambaya ba sai an san yadda ake noman furen da girbinsa, kuma a cikin wannan sani akwai darasin da zai amfani mai cinikin dawa.

Mene ne hofs

Hofs tsiro ne mai yaɗo, mai hawa sama yana nannaɗe duk abin da ya samu, kusan kamar yadda doya take hawa sandar da aka kafa mata. Saiwarsa ba ta mutuwa da ƙarewar damina. Idan hunturu ya shigo yaɗon yakan bushe, saiwar ta kwanta a cikin ƙasa, sa'an nan ta sake tofowa idan sanyi ya wuce. Shuka ɗaya tana iya ba da amfani shekaru 15 zuwa 20, wani lokaci har fiye da haka.

Akwai namiji akwai mace a cikinsa, kuma macen kaɗai ake nomawa, domin ita ce take fitar da furen da ake nema, kore shar, mai ɓawo-ɓawo a jere, wanda tsawonsa bai wuce gaɓar yatsa ɗaya ko biyu ba. A cikin furen akwai wani gari mai launin ɗorawa, mai danƙo, kuma a cikin wannan gari ne sinadarin ɗaci da man ƙamshi suke. Ɗacin yana rage ginsar zaƙin hatsi, yana kuma taimakawa wajen hana abin sha saurin lalacewa. Wannan ne ya sa ake zuba shi kaɗan har a cikin wasu lemunan malt da babu barasa a cikinsu. Turawa sun daɗe da sanin darajarsa, domin tun a shekarar 1516 aka kafa doka a yankin Babariya na ƙasar Jamus wadda ta ambace shi a cikin abubuwa uku da aka yarda a haɗa giya da su, tare da ruwa da sha'ir.

Kafa gona da rainonta

Gonar hofs ta kasuwanci tana cin jari mai yawa tun kafin a ga amfanin farko. Wajibi ne a kafa manyan dirkoki a faɗin gonar baki ɗaya, a ja wayoyin ƙarfe a samansu kamar rumfa. Tsawon wannan rumfa yakan kai mita biyar da rabi a Amurka, a Jamus kuwa kimanin mita bakwai. Ba ƙwayar iri ake shukawa ba, gutsuren saiwa ne ko dashe, kuma sai a shekara ta biyu ko ta uku gonar take ba da cikakken amfani. Ke nan manomi zai zuba kuɗinsa ya zauna jira, alhali kuwa bashin banki ba ya jira.

Kowace shekara idan tsiron ya tofo, ma'aikata sukan saki igiya ko siririyar waya daga saman rumfar zuwa gindin kowace shuka, su zaɓi yaɗo biyu ko uku masu ƙarfi su naɗa su a jikinta da hannu, su datse sauran. Wannan aiki har yau da hannu ake yinsa, kuma yana da lokacinsa. Idan aka yi shi da wuri ko aka makara, amfanin shekarar yakan ragu. Daga nan yaɗon yake kama hawa da sauri na ban mamaki, har yakan ƙara tsawon santimita 30 a yini guda idan yanayi ya yi kyau. A tsawon wannan lokaci gonar tana bukatar ruwa da taki da feshin maganin fumfuna da na ƙananan ƙwari masu tsotse ganye.

A Kwarin Yakima da ke Jihar Washinton, inda ake samun kusan kashi uku cikin huɗu na hofs ɗin Amurka, ƙasar busasshiya ce, don haka da ban-ruwa ake noman. A yankin Halatau na Jamus, wanda ya fi kowane yanki a duniya faɗin gonakin hofs a haɗe, kimanin hekta dubu 17, yawancin manoma da ruwan sama suka dogara. Shi ya sa farin da aka yi a shekarar 2022 ya zaftare fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na amfanin da Jamus ta samu a shekarar da ta gabace ta.

Girbi da busarwa

Ana fara girbi daga ƙarshen watan Agusta har zuwa ƙarshen Satumba, kuma kowane iri yana da 'yan kwanakin da furensa yake kan ganiyar ɗaci da ƙamshi. A da, hannu ne yake tsinke furen ɗaya bayan ɗaya. A yankin Kent na Ingila dubban talakawan birnin Landan sukan yi ƙaura zuwa gonaki kowace shekara domin wannan aiki, tamkar 'yan ci-rani, har zuwa shekarun 1950 da 1960 lokacin da injuna suka karɓe shi. A yau tarakta ce take bin layi tana datse yaɗon daga ƙasa da sama, a loda shi a mota, a kai shi wata babbar rumfa inda inji yake tsige furen ya raba shi da ganye da kara.

Daga nan ne aikin da ya fi kowane muhimmanci yake farawa. Ɗanyen fure kusan kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne, kuma idan aka tara shi aka bar shi na 'yan sa'o'i sai ya ɗauki zafi ya fara lalacewa. Saboda haka ba a kwana da shi. Ana shimfiɗa shi a ɗakin busarwa, a riƙa hura masa iska mai zafin digiri 60 zuwa 65 na tsawon sa'o'i da dama, har danshinsa ya sauko zuwa kimanin kashi 10 cikin 100. Idan aka bar shi da sauran laima zai yi fumfuna, har ma ya iya kamawa da wuta a cikin sito. Idan kuwa aka zarce, sai ya marmashe, garin mai daraja ya zube. Kilo 100 na ɗanyen fure yakan ba da kimanin kilo 25 na busasshe, kuma hekta guda takan ba da kimanin ton biyu.

Bayan ya huce sai a matse shi cikin manyan ɗauri, a ɗebi samfuri a kai ɗakin gwaji a auna yawan sinadarin ɗacin da ke cikinsa, a manna wa kowane ɗauri takardar shaida. A Jamus tun 1929 doka ta wajabta tantance asalin hofs kafin a sayar da shi. Mafi yawansa ana niƙa shi a dunƙule shi ƙanana-ƙanana kamar abincin kifi, ko a tatso sinadarinsa a zuba a gwangwani, a adana a ɗakin sanyi. A cikin waɗannan siffofi biyu ne yake isowa tashoshin jiragen ruwan Najeriya.

Kasuwarsa a duniya

Hofs kaya ne mai tsada amma mai ƙaramar kasuwa. Dukkan gonakinsa a duniya ba su wuce kimanin hekta dubu 60 ba, abin da ake samu a shekara kuma ya ɗan haura ton dubu 100 ne kawai. Amurka da Jamus su ne suke samar da kusan kashi uku cikin huɗu, sai Jamhuriyar Cek, mai shahararren yankin nan na Zatek, da ƙasar Sin da Folan da sauransu. Dalilin ƙanƙantar kasuwar shi ne, abin da ake zubawa a lita ɗaya ta abin sha giram ɗaya ne ko biyu, wani lokaci ma bai kai ba, alhali hatsin da lita ɗayar take ci ya haura giram 100.

Ƙaramar kasuwa kuwa ba ta da wuyar girgiza. A watan Oktoba na 2006 gobara ta cinye wani sito a Yakima, ta lashe kimanin kashi 4 cikin 100 na amfanin Amurka na shekarar, kuma da rashin kyan damina a Turai ya biyo baya, sai farashi ya yi tashin gwauron zabo a 2007 da 2008. Daga baya manoman Amurka suka yi ta faɗaɗa gonaki har kaya ya yi yawa, ta yadda tsakanin 2021 da 2024 sai da suka tumɓuke kusan kashi ɗaya cikin huɗu na gonakinsu. Abin da yake kare manoma daga irin wannan hawa da sauka shi ne yarjejeniyar sayarwa tun kafin shuka. Yawancin hofs ɗin duniya ana ƙulla cinikinsa ne na shekaru da dama a gaba, a rubuta iri da yawa da inganci da farashi, kuma da wannan takarda manomi yake tunkarar banki.

Abin da ya hana shi yi a Najeriya

Babban cikas shi ne tsawon yini. Yankunan da hofs yake yi sosai suna nesa da tsakiyar duniya ne, tsakanin digiri 35 zuwa 55 arewa ko kudu, inda hasken rana yake kai sa'o'i 15 ko 16 a lokacin zafi. Muddin yini yana da tsawo, yaɗon zai ci gaba da hawa yana fitar da rassa, sai yini ya fara gajarta ne zai juya ga fure. Najeriya kuwa tana tsakanin digiri 4 zuwa 14 ne, kuma ko a Sakkwato ko Katsina yinin da ya fi kowane tsawo bai cika sa'o'i 13 ba. A irin wannan wuri tsiron yakan yi fure tun yana gajere, amfanin ya zama ɗan kaɗan. Har ila yau saiwarsa tana bukatar sanyin hunturu mai tsanani domin ta huta. Tsaunukan Jos da Mambila, inda dankalin Turawa da ganyen shayi suke yi, suna da sanyi daidai gwargwado, amma tsayin dutse ba ya ƙara wa yini tsawo.

A Afirka ta Kudu ana noman hofs tun shekarun 1930 a kewayen garin Joj, wanda yake a digiri 34, amma duk da wannan kusanci sai da aka riƙa kunna fitilu a gonaki da dare, kafin daga bisani masana su samar da irin da ya dace da gajeren yini, kuma har yanzu gonakin 'yan ɗaruruwan hekta ne. A Barazil ma wasu manoma suna noma shi a ƙarƙashin fitilun lantarki. Sai dai mai jarin da zai kwaikwayi wannan a Najeriya zai haɗa tsadar dirkoki da waya da injin tsiga da ɗakin busarwa da ɗakin sanyi, ya ɗora kuɗin wutar da za ta haska gona, sa'an nan ya fito kasuwa ya yi gasa da manoman da rana take yi wa wannan aiki kyauta.

Masana a gida ba su zauna ba. Tun farkon shekarun 1980 aka fara gwaje-gwaje a jami'o'in ƙasar nan, ciki har da ta Nsukka, a kan itatuwa masu ɗaci irin su shuwaka da namijin goro da ganyen utazi da darbejiya. An samu ɗacin, amma ɗanɗano da ƙamshin sun sha bamban, shi ya sa manyan masana'antu suka ci gaba da sayo hofs daga waje.

Yadda dawa ta shiga masana'antu

Labarin hatsi ya bambanta da wannan. Bayan da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shirin gyaran tattalin arziki a 1986, ta hana shigo da alkama a 1987, ta kuma hana shigo da sha'ir da tsironsa daga watan Janairu na 1988, domin tattalin kuɗaɗen musaya. Dole ta sa kamfanoni suka koma ga dawa da masara. Aikin bai zo da sauƙi ba, domin sitacin dawa yana bukatar zafi fiye da na sha'ir kafin ya narke, tsironta kuma bai kai na sha'ir ƙarfin mai da sitaci sukari ba. Sai da aka sauya tukwane da matatai, aka kuma riƙa shigo da sinadaran da suke cike wannan giɓi.

Abin da ya taimaka shi ne, an riga an yi bincike. Cibiyar Binciken Masana'antu ta Tarayya da ke Oshodi ta daɗe tana gwada tsiron dawa, ita kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da ke Zariya ta samar da gajerar kaura mai lamba SK5912, wadda masana'antu suka yi na'am da ita, tare da farfara. Ko da aka sassauta haramcin a ƙarshen shekarun 1990, dawa ta riga ta samu gindin zama. A 2006 aka fitar da irin CSR-01 da CSR-02 da haɗin gwiwar kamfanin Nigerian Breweries, a 2012 kuma aka ƙara da CSR-03H da CSR-04H. A 2008 kamfanin ya buɗe babbar masana'antar tsirar da dawa a Aba. Haka nan kamfanin Nestlé yana tatsar malt daga dawa a Agbara da ke Jihar Ogun domin haɗa Milo. Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi noman dawa a duniya, da kimanin ton miliyan shida zuwa bakwai a shekara. Hausawa suka ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Matsayin Hausawan kudu maso gabas

Zaman Hausawa a wannan yanki ba sabon abu ba ne. Hanyar jirgin ƙasa da ta haɗa Fatakwal da ma'adinan kwal na Inugu a 1916, wadda daga baya ta dangana da Kaduna, ta buɗe ƙofa ga fataken shanu da hatsi, har Malam Umaru Altine, falken shanu daga lardin Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. A yau tireloli ne suke ɗauko kayan, ta Lafiya da Makurɗi ko ta Lakwaja, su haɗu a Obollo Afor, su gangaro mararrabar Nain Mayil da ke kusa da Inugu, daga nan hanya ta rabu zuwa Anaca ko Aba da Fatakwal. Kasuwanni irin su Ogbete a Inugu, da Ose a bakin Kwara a Anaca, da Mayil Uku da Oyil Mil a Fatakwal, duk suna cin wannan kaya.

Masana'antun ma a kan wannan hanya suke. A 2003 kamfanin Nigerian Breweries ya buɗe katafariyar masana'antarsa ta Ama kusa da Nain Mayil. A 2009 kamfanin SABMiller ya shigo Najeriya ta hanyar sayen Pabod na Fatakwal, mai yin Grand Malt, a 2012 kuma ya buɗe masana'antar Intafact a Anaca, kafin a haɗe su a ƙarƙashin International Breweries a 2017. Bayan da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. A shekarar 2023 kamfanin Nigerian Breweries ya yi asarar kimanin naira biliyan 106, galibi saboda musayar kuɗi, kuma a watan Afrilu na 2024 ya ba da sanarwar dakatar da aiki na wucin gadi a biyu daga cikin masana'antunsa tara. Duk lokacin da kayan waje suka yi tsada irin haka, idon masana'antu yakan ƙara komawa kan hatsin gida.

Abin da masana'anta take nema a cikin buhu

A nan ne darasin gonar hofs ya shafi falken dawa. Manomin hofs ba a yawan kaya yake samun ribarsa ba, a busarwa da tantancewa da yarjejeniya yake samunta, kuma abubuwan nan uku su ne masana'anta take dubawa a buhun dawa.

Na farko shi ne danshi. Ana son dawar da danshinta bai wuce kashi 12 zuwa 13 cikin 100 ba. Zangarniyar da aka sussuke kafin ta bushe, ko aka shanya a ƙasa raɓa ta sauka a kanta, takan wuce wannan ƙa'ida. Ga misali, tirela mai ɗauke da ton 30, wato buhu 300 masu kilo 100, idan danshin kayanta kashi 15 ne, to kafin ya sauko zuwa kashi 12 za ta rasa nauyin kimanin ton ɗaya, wato buhu goma da falke ya biya kuɗinsu da kuɗin motarsu alhali ruwa ne. Bugu da ƙari, iskar Fatakwal, inda ruwan sama yake haura milimita 2,000 a shekara, ba irin ta Kano ba ce. Busasshen hatsi yana zuƙar laima daga iska, saboda haka buhun da aka jibge a kan siminti ko aka jingina da bango yakan yi fumfuna, wata fumfunar kuma tana haifar da gubar aflatoksin wadda take sa a mai da kaya baki ɗaya.

Na biyu shi ne ran ƙwayar. Masana'antar malt jiƙa dawa take yi, ta bar ta ta tsira na kwana huɗu ko biyar, sa'an nan ta busar, irin yadda mata suke yin tsiro a gida, sai dai a babban ma'auni. Don haka tana son aƙalla ƙwaya 90 cikin kowace 100 ta tsira. Dawar da ƙwaro ya huda, ko wadda zafi ya dafa a ƙarƙashin tamfol, ko tsohuwar da aka cakuɗa da sabuwa, ba ta cika wannan sharaɗi. Gwajin kuwa ba shi da wuya: a ƙirga ƙwaya 100, a nannaɗe a jiƙaƙƙen tsumma, a duba bayan kwana uku.

Na uku shi ne tsabtar iri. Kaura da farfara da jar dawa kowace da saurin shan ruwanta da launin da take bayarwa, kuma idan aka haɗa su a buhu ɗaya ba za su tsira tare ba. Al'adar tara kaya tiya-tiya daga ƙauyuka daban-daban, ga tsakuwa ga ƙaiƙayi, tana iya wucewa a kasuwar abinci, amma ba ta wucewa a ƙofar masana'anta, inda ake soka ƙarfe a buhu a ɗebi samfuri kafin a sauke mota.

Wannan ne ya sa manyan kamfanoni suka fi son hulɗa da masu tara kaya waɗanda suke da rajista da sito da injin tankaɗe, masu ba manoma iri guda su kuma karɓi amfanin a kaka. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa na unguwannin Hausawa suna da abin da wasu ba su da shi, wato tsohuwar amana tsakanin maigida da dillali da falke, da sanin kasuwannin ƙauye ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage shi ne a ɗora wa wannan amana rajista da na'urar auna danshi da katakon ɗora buhu da rubutacciyar yarjejeniya.

Haɗurran da ke tattare da harkar

Ba a rasa ƙalubale. Hanyar tana da nisa, fiye da kilomita 1,000 daga Kano zuwa Fatakwal, ga shingaye da harajin da ake karɓa a wurare da dama, ga tsadar man dizal. A ƙarshen watan Fabrairu na 2021 ƙungiyar fataken abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya kudu na kusan mako guda, kuma daga watan Agusta na wannan shekara umarnin zaman gida na ranakun Litinin ya dagula sufuri a jihohin kudu maso gabas. Rashin tsaro a wasu yankunan noman dawa na Katsina da Zamfara da Kaduna shi ma ya taɓa yawan abin da yake fitowa kasuwa. Haka zalika masana'antu ba su cika biya hannu da hannu ba, don haka wanda ya ƙulla farashi a kaka, kaya suka tashi da bazara kafin ya gama cika alkawari, yana iya cin uwar kuɗinsa idan ba a rubuta yadda za a daidaita farashi ba.

Akwai kuma batun addini, wanda 'yan kasuwa Musulmi ba su wasa da shi. Da yawa daga cikinsu suna ƙaurace wa sayar da hatsi ga wanda suka san giya zai yi da shi, kuma ya kamata a sani cewa yawancin lemunan malt kamfanonin giya ne suke yinsu. Hukuncin wannan yana hannun malamai. Abin da ya shafi kasuwa shi ne, masu sayen dawa mai inganci sun haɗa da kamfanonin abinci da na garin jarirai da na abincin kaji, kuma dukkansu busasshiyar dawa mai tsabta suke nema, saboda haka mai kaya mai kyau yana da zaɓin wanda zai sayar wa.

A taƙaice, alamu sun nuna cewa hofs zai ci gaba da zuwa ta tashar jirgin ruwa, domin tsawon yini ba abu ne da jari ko dokar gwamnati za su sauya ba. Amma ga kowane kilo ɗaya na hofs da masana'anta ta shigo da shi, tana bukatar hatsin da ya ninka shi kusan sau 100, kuma a gonakin Arewa ake girbe wannan hatsi a watannin Nuwamba da Disamba. Wanda zai ci moriyar wannan bukata shi ne wanda ya auna danshin kayansa tun a Dawanau, ya ware kaura daga farfara, ya kuma riƙe takardar yarjejeniya kafin motarsa ta kama hanya.